Inuwar da Inji Ya Cinye

Mijin 'yata marigayiya, wanda ma'aikata ke kira Mai Fensir, bai taɓa ɗaukar shebur ba, amma duk titin da kamfaninsu ya shimfiɗa, a kan teburinsa yake fara kwanciya.

Wata rana na kai masa abinci ofishinsu na kwano, na tarar da takarda ta cika bango, layuka a karkace kamar kaji sun yi tono.

"Wannan kuma wane irin zanen aljanu ne?" na ce.

Sai da ya durƙusa ya gaishe ni, ido a ƙasa. "Inna, jadawalin aiki ne. Daga hagu zuwa dama tsawon titi ne, daga sama zuwa ƙasa watanni. Wannan layin masu tono ne, wannan masu tsakuwa, wancan masu kwalta."

"Dattin nan na baya fa? Fensirin naka zawo yake yi?"

Ya murmusa. "Inuwa ce, don ido ya gane da sauri. Wadda ta kwanta damina ce. Wadda ta tsaya kuwa, wurin da ba a shiga da inji ne sai an ba da izini." Ya ce da gangan yake yin ta shara-shara, don in ta yi duhu sai ta haɗiye layukan.

Yatsansa ya daɗe a kan wata siririyar inuwa. Ban yi boko ba, amma ba a haife ni makauniya ba. Makabarta ce. An yi alkawarin karkatar da titin kafin a isa wurin, kuma a jikin katangarta 'yata ke kwance.

Ashe injin fotokwafi ba ya ganin abu mai haske. Takardar da aka ba foman, shugaban leburori, ta fito da layuka tsirara. Shi kuwa in takarda ta ce ya tone ɗakin uwarsa, diga kawai zai nema.

Wata rana ina gidansa wajen jikokina da hantsi, wata maƙwabciya ta faɗo tana cewa katafila ta doshi makabarta. Surukina, mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ya fita ko takalmi babu. Na bi shi da sandata.

Na iske shi tsaye a gaban injin. Kusurwar katangar ta riga ta zube, bulo ɗaya ya tsaya daidai gefen kabarin.

"Malam, kauce! Takardarka nake bi!" in ji foman, ya miƙa masa. Surukina ya duba, ya sake dubawa. Wurin inuwar fari fat.

"Hannuna ne ya yi sanyi," abin da ya ce ke nan. Ni na yi zagin a madadinsa, har direban ya kashe inji ya sauko ya cire hula.

Da hannunsa ya mayar da katangar. Tun daga ranar, gicce-gicce yake yi wa inuwarsa yana danna fensir, kuma duk kwafin da ya fito sai ya ɗaga shi a taga ya gani. Injiniyan kamfanin ya yi ta mitar cewa zanen ya yi muni, amma surukina bai daina ba.

Bara Allah ya yi masa rasuwa. Yana kwance kusa da 'yata, daidai inda titin ya yi kwana. Ina jin direbobi suna tsaki in sun iso, amma dole su taka birki.