Shekarar da Baba Ya Dinga Tona Binne

Ni karatuna bai yi nisa ba, kuma na gaji da dogon zance. Amma akwai tatsuniyar da ta riƙe gidanmu, gara in rubuta ta.

Ina yaro, muna wani ƙauye kusa da Dayi. A shekarar sau biyu Baba ya shuka dawa, sau biyu ta tsiro ta ƙone. Irin da ya rage sai ya yi binne da shi, wato ya rufe shi a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. In wannan ya lalace, ba mu da na shuka kuma.

Daga nan Baba ya canza. Ya bar wanka. Tuwonsa a akushi yake kwana. Kullum da sassafe sai ya tafi gona ya tona ramukan, wai ya ga ko irin na nan, kurciyoyi na bin bayansa suna tsincewa. Da hannunsa yake kashe gonar. Inna ta yi magana, ya daka mata tsawar da ba mu taɓa ji ba. A bakin rijiya har an fara raɗa kansa ya taɓu.

Mutum ɗaya zai saurara, mahaifiyarsa Iya. To amma shi ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye.

Bayan isha'i a bakin murhu take mana tatsuniya. Ran nan sai ta ja tabarmarta zuwa wajen rumbu, inda Baba ke zama ya ba kowa baya.

"Kai maigida, ragon miji, iza wutar nan," ta ce mini. "Ta yau ba ta masu gyangyaɗi ba ce."

Wai zabi biyu ne suka kwanta kan ƙwai, aka ce gobara na tafe. Ɗayar kullum sai ta tashi ta sha ruwa, ta yi birgima, ta gaida maƙwabta, ta dawo. Ɗayar kuwa ta ƙi ci, ta ƙi barci, sai juya ƙwai take tana dubawa, har rabi ya fashe. Ranar da wutar ta iso, an riga an ƙyanƙyashe, ta farko ta kwashe 'ya'yanta ta tsallake rafi. Ta biyu ta yunƙura, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. 'Ya'yan na ta kuka a ƙarƙashinta.

"Iya, sun ƙone?" na tambaya.

"Ban sani ba," ta ce da ƙarfi. "Har yanzu ina jira in gani."

Inna ta riƙe ludayi a sama. Na ɗauka Baba zai tashi ya yi ɓarna. Can sai ya ce, "Akwai ruwa a randa?"

Ya yi wanka, ya ci tuwo. Washegari bai je gona ba, ya zauna gindin tsamiya cikin 'yan'uwansa maza ana tufkar igiya. Bayan kwana shida ruwa ya sauka. Rabin gonar kawai ya tsiro, amma ya kai mu kaka.

Yanzu na wuce shekarun Baba na lokacin, kuma damuwa ba ta ƙare ba. In ta shaƙe ni, nakan yi wanka, in ci abinci ko ba na so, in fita in gaida mutane. Wannan ba ya kawo ruwan sama. Amma in ruwan ya zo, a tsaye yake tarar da ni.