Rijiyar Kaka da Kaftanin Auta

Ni ce mai share ɗakin Baba Babba tun ina firamare, saboda ba ni da surutu kuma ba na taɓa kayan mutane. Baba Babba wan mahaifinmu ne, malami ne kuma, shi ke riƙe da gidan tun da Kaka ya rasu. Gidanmu na Soron Ɗinki babba ne, kowa da sashensa, amma rijiya ɗaya muke sha, wadda Kaka ya haƙa a tsakar gida. Ruwanta garau yake, ga sanyi, ba wari ba ɗanɗano. Idan aka yi haihuwa a lungunmu, akan aiko da jarka a ɗiba, a yi wa jariri wankan farko, a ɗiga masa a baki. Mutane suna cewa ruwan rijiyar Malam yana da albarka, mu kuma muna jin daɗin hakan.

Autanmu an haife shi ɗan firit. Umma ta kula da shi fiye da yadda ta kula da mu duka. Ruwan da zai sha sai ta tafasa shi har ya kusa ƙonewa, ta tace da farin ƙyalle, da shi take dama masa koko. Duk da haka tari ba ya barinsa, ya daɗe bai zauna ba, ya daɗe bai taka ba. Sa'o'insa suna tsere a soro, shi yana dafa bango.

Abbanmu tela ne. Idan azumi ya raba, yakan jera mu ya auna mu saboda kayan sallah. Shekarar da Auta ya shiga ta uku, Abba ya ɗora masa tef a kafaɗa, ya yi dariya ya ce, "Wannan shi ne mai tausayina, ba ya cin yadi. Kaftanin bara ma ya ishe shi." Kowa ya yi dariya. Ni dai na ga Abba ya sake aunawa, a hankali, sannan ya naɗe tef ɗin.

Kafin wannan azumin, wasu mutane daga jami'a sun zagaya unguwarmu suna ɗibar ruwan rijiyoyi a ƙananan kwalabe. Bayan wasu watanni suka dawo, suka zauna da Baba Babba a soro. Aka ce in kai musu ruwa. Mace ɗaya da ke cikinsu ta karɓi kwanon shan da hannu biyu, ta yi godiya, ta ajiye shi a gefen tabarma. Har suka tafi ba wanda ya kurɓa. Da na zo ɗauka, Baba Babba ya ce, "Masu bincike ne, ba su da aikin yi." Haka ya faɗa wa kowa a gida.

Ba a daɗe ba na fara ganin ruwan leda a ƙarƙashin gadonsa, bayan akwatin littattafai. Ledojin da ya shanye yakan ninke su ƙanana ya tura ƙasan kwandon shara. Tulun ɗakinsa kuwa kullum na zo a cike nake samunsa, har gansakuka ta fara kama bakinsa. Na ɗauka likita ne ya sa shi, tunda yana fama da ciwon ciki.

A wannan lokacin ne Umma ta fara kai masa Auta domin rubutu. Zai rubuta allon tsaf, ya yi addu'a, ya shafa kan yaron. Da can shi da kansa yake wankewa. Yanzu sai ya miƙa wa Umma allon ya ce, "Je ki wanke masa." Umma ta zura guga ta jawo ruwa, ta wanke, ta ba Auta. Tagar Baba Babba tana kallon rijiyar. Na lura duk lokacin da gugan ya fara ƙara, sai ya saki labule.

Gaskiya ta fito ne ranar da aka haihu a gidan da ke bayanmu. Kwana ya yi ba su aiko ɗibar ruwa ba, Umma ta ce wataƙila hidima ce ta sha kansu, ta cika jarka ta ce in kai. Tsohuwar gidan tana ganina ta tare ni a bakin ƙofa.

"'Yar nan, mayar da shi. Allah ya saka da alheri."

Ta dubi jarkar, ta ƙara da cewa:

"Au, har yanzu sha kuke yi? Mu tun bara muka rufe tamu. Ai mutanen nan na jami'a sun ce taku ma ta fi tamu illa. Malam bai gaya muku ba?"

Ta ce wata guba ce mai suna arsenik, daga cikin ƙasa take shiga ruwa, ido ba ya ganinta, harshe ba ya jinta. Ta ce an ja musu kunne musamman a kan masu ciki da ƙananan yara, domin tana hana su girma yadda ya kamata. Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Umma tana tafasawa."

"Tafasawa ba ta kashe ta, 'yar nan. Ruwan ne ke tafiya, ita ta zauna."

Na dawo da jarkar tana dukan ƙafata. Da na gama faɗa wa Umma, sai ta buɗe tafukan hannayenta ta zuba musu ido. Sun daɗe da yin kaushi, da wasu ƙananan ƙulle-ƙulle masu tauri, ita kuma tana cewa wanki ne.

Bayan la'asar ta ɗauki Auta ta durƙusa a ƙofar Baba Babba. Ban taɓa jin ta yi masa magana ba sai gaisuwa.

"Yaya Malam, me mutanen nan suka ce game da rijiya?"

"Zancen 'yan boko ne. Ruwan nan muka sha muka girma. So kike a ce rijiyar mahaifinmu guba ce, bayan duk jariran da aka wanke da ita? Da wane ido zan kalli unguwa?"

"To ai da ka faɗa mana, mu zaɓa."

"Ni ban yarda da su ba."

Ina raɓe a jikin bango, na ji bakina ya ce, "Baba, ruwan ledarka ya kusa ƙarewa. Saura kaɗan a bayan akwati."

Abba, wanda ya shigo yana tsaye da almakashi a hannu, ya dubi wansa ya ce, "Yaya, da gaske ne?" Baba Babba ya gyara hularsa, ya ce lokacin karatu ya yi.

Washegari Abba ya rufe bakin rijiyar da katako ya buga ƙusoshi. Aka kai Auta asibiti. Ma'aikaciyar ta ɗora shi a sikeli, ta duba hannun Umma, ta ce a canza ruwa, a kula da abinci, a riƙa kawo shi. Umma ta tambaye ta ko zai kamo sa'o'insa. Ta ce ba za ta yi alkawari ba.

Yanzu Auta yana aji ɗaya, shi ne a gaban layi kullum saboda ƙanƙanta, kuma karatu yana shigarsa a hankali. Ni nake zama da shi muna maimaitawa. Har yau ni ke share ɗakin Baba Babba, ina durƙusawa in gaishe shi, amma na daina ɗaga kai. A sallar bana Abba ya yanka wa Auta sabon kaftani, ya bar masa lanƙwasa mai faɗi a ƙasa, ya ce in Allah ya so za a warware.