Layar da na yanke a ƙarƙashin mota

Ku ji abin da ya same ni yau! Tun daga Dakusa karnuka ke bin 'yar motarmu. Na tsaya na leƙa, sai ga ƙunshin fata ɗinke bayan ƙafar gaba, kamar laya!

Kawu Mamman ya ce, "Sammu ne. Wa ya taɓa ta?"

Iliya makanike kaɗai! Na zare wuƙa na yanke. Kafin Zinder, kowace kwana sai ƙas-ƙas-ƙas!

Da isarmu, na jefa wa Iliya fatar ina huci. Ya dafe kai: "Malam, rigar kardan ce, mai kare gaɓar ƙarfen da ke juya ƙafar mota! Robar ta yage, sabuwa sai daga Faransa. Baduku na sa ya ɗinka, na cika ta da kitse. Yanzu yashi ya cinye gaɓar!"

Kawu ya matso, ya rage murya: "Wane badukun? Ai su ke ɗinka layu!"