Ƙodar Da Na Ba Babana Aro

Lokacin da abin nan ya faru shekaruna ashirin da huɗu, ina zaune a gidanmu a Belbeji. Na gama kolej, wato ƙaramar sakandare, na taɓa lise, wato babbar, shekara biyu na bari. Ni ce babba a ɗakinmu, ni ce kuma mai baki. Duk unguwa an san ni, ban iya jira ba, ban iya kewaye-kewaye ba, in abu ya ɓata mini rai sai na faɗe shi ko a gaban wane ne. A da har taƙama nake yi da wannan hali. Na rubuto muku ne don na gaji da jin mutane suna cewa ƙaddara ce ta faɗa wa mahaifina. Na yarda ƙaddara ce, amma ta hannun mutane ta biyo, kuma har da nawa hannun. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka yi sun san kansu.

Babana mai masauki ne. Ranar kasuwa zaurenmu cike yake da baƙi, Abzinawa da Fulani masu koro awaki da raƙuma daga wajajen Tarka, da manoman ƙauye masu kawo hatsi. Shi ke sauke su, ya shiga tsakani a ciniki, ya sa a dama musu fura. Mutum ne da bai iya cewa babu ba. In ka yaba rawaninsa sai ya warware ya miƙa maka. Hawan jini ya daɗe yana cin sa bai kula ba, har ranar da aka kwashe shi zuwa Damagaram aka ce ƙodojinsa biyu sun tsaya. Ya fi shekara yana wankin ƙoda, abin da suke kira dializ, sau biyu a mako, inji na zuƙe jininsa yana tacewa yana mayarwa. Da likita ya kawo maganar dashe, ƙannensa maza da suka cika mu da "Allah ya sawwaƙe" kowa sai ya tuno da nasa ciwon. Ƙannena kuwa shekarunsu ba su kai ba. Na ce a auna ni, aka auna, jini ya dace. Baba ya ƙi, Inna ta yi kuka, gwaggona ta tambaye ni wa zai auri mace mai ƙoda ɗaya. Na ce mata duk wanda sai ya ƙirga ƙoda zai yi aure, ya tafi wajen mahauta ya zaɓi mata. Da ƙyar Baba ya yarda. Aka sayar da dabbobi, dangi suka kama, aka yi aikin a Kano.

Kafin a sallame mu likita ya zaunar da mu ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce jikin Baba ba zai taɓa daina kallon ƙodar nan a matsayin baƙuwa ba, kullum neman korar ta zai yi, magungunan da aka rubuta su ne ke danne shi. Sau biyu a rana, bakwai na safe da bakwai na yamma, babu fashi, babu ranar da za a ce an warke a ajiye. Ban da jiƙo, ban da sassaƙe, ban da kowane magani da ba su sani ba. Analiz, wato awon jini, kuma a kan lokaci. Ni na rubuta komai, don ni ce mai karatu a gidan. Muka dawo Belbeji, Baba ya yi fes, ya koma zaurensa, mutane suka yi ta zuwa kallon wanda aka sa wa kayan cikin wani.

Daga nan na zama jandarmar gida, haka ma abokansa suke kirana. Kuma daga nan wata kalma ta zauna mini a baki: ƙodata. In Inna ta zuba gishiri sai in ce ƙodata ba ta son gishiri. In ya ɗauki kilishi sai in ce ƙodata ba ta yarda ba. In ya daɗe a rana wajen dabbobi sai in aika a ce masa ƙodata tana jin ƙishirwa. Da farko wasa ne, har shi ma yana dariya. Daga baya ya daina dariyar, ni kuma ban daina faɗa ba. Gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce, haushinsa nake ji. Bai taɓa ce mini ya gode ba. Ni ɗiyar fari ce, ko sunana ba ya kira, sai dai "ke" ko "waccan", na san kunya ce irin ta iyaye, da ita na tashi. Amma an tsaga cikina saboda shi, ina da tabon da zan shiga kabari da shi, sai na ga ai ko sau ɗaya ya kamata a ajiye kunyar nan. Da bai ajiye ba, sai na riƙa karɓar godiyata da gori, kullum kaɗan-kaɗan.

Maganin safe a gabana yake sha, ina tsaye da kofin ruwa. Na yamma kuwa lokacinsa yana faɗawa ne bayan magariba, sa'ad da yake zaure cikin maza ana shayi, inda mace ba ta shiga. Sai in ƙunshe masa a takarda in sa a aljihun rigarsa kafin ya fita masallaci. Duk ƙarshen mako ina duba kwalaye in ga abin da ya ragu, kuma kullum daidai yake fita. Ina ta yabon kaina. Ko da na ga ya fara kawo dalilai don kada a je analiz, yau damina, gobe baƙi, surutu kawai na yi na bari, don a ganina ai magani na shiga.

Bayan shekara ɗaya da ƴan watanni na je wani suna a unguwarmu. Matar wani abokin Baba, tsohon jandarma, ta kama hannuna tana ta sa mini albarka. Ta ce maganin ƙodar nan na Kano babu irinsa, tunda maigidanta ya fara samu a wajen Baba ƙugunsa ya saki, har ruku'u yana yi ba tare da ya dafa bango ba. Na ce wane magani? Ta ce wanda nake ƙunshewa a takarda mana. Ta ƙara da cewa ai ba shi kaɗai ba, yanzu rabin zauren sun san daɗinsa. Na ajiye kwanon tuwon da ke hannuna na kama hanyar gida. Daga baya na ji yadda abin ya faro. Tsohon jandarman nan ne ya yi wa zaure fassara cewa a faransanci sunan ƙoda da na ƙugu ɗaya ne, saboda haka maganin ƙoda shi ne maganin ƙugu. Ya roƙi ƙunshi ɗaya, Baba ya ba shi. A cikin magungunan akwai wata ƴar farar ƙwaya da take kwantar da ciwon gaɓɓai na ɗan lokaci, sai ya ji sauƙi, sai labari ya bazu. A ƙasarmu ta Damargu wane namiji ne ya wuce arba'in ƙugunsa bai yi ciwo ba, bayan noma da jan guga da hawan raƙumi? Wannan ya roƙa yau, wancan gobe, har baƙin kasuwa suna ƙulle ƙunshin a bakin rawani su tafi da shi daji. Wata da watanni Baba yana shan rabin maganinsa, yana kyauta da rabi.

Ranar sunan nan ranar kasuwa ce, na iso gida bayan la'asar, zaure ya cika. Ban tsaya na yi tunani ba, ban shiga wajen Inna ba, ko takalmi ban cire ba. Na ratsa maza na tsaya a tsakiyar tabarma. Na ce musu duk wanda ya haɗiyi ƙwayar nan ya sani naman jikina ya ci. Tsohon jandarman ya fara cewa, ƴata, a yi haƙuri, ba da sani ba ne, na ce ya riƙe faransancinsa ya je ya yi wa awaki fassara. Sannan na juya ga mahaifina, a gaban baƙinsa, a gaban mutanen da shekara talatin suke tashi tsaye in ya shigo, na ce:

"Ƙodata kake rabawa sadaka? Da na san haka za ka yi da ita, da na bar abata a cikina."

 Baba bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Kin gama?" Sai ya dafa ƙasa ya miƙe. A nan na ga ƙafafunsa. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace, shi ya sa kwanakin nan yake sa doguwar riga mai jan ƙasa, yake fita da silifa.

Da na shiga ciki na tasa Inna a gaba, ta ce mako biyu ke nan ƙafar na kumbura, fitsari ya ragu, zazzaɓi na zuwa yana tafiya. Na tambaye ta don me ba a gaya mini ba. Ta ce shi ya hana, ya ce gara ya ji da ciwon da ya ji da bakina. Har yau in na tuna maganar nan sai in rasa da wa zan yi fushi. Washegari na nemo mota, Baba ya ce ba ya zuwa ko'ina, ba zai shiga mota ɗaya da ni ba. Majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitan garinmu, ya zo har gida ya ce jikin ne ya fara korar ƙodar, kowace rana da aka ɓata asara ce. Baba ya juya fuska bango. Kwana shida muka yi a haka, ina zagaye tsakar gida kamar mahaukaciya, shi yana kwance ya ƙi ko kallona. A ƙarshe tsohon jandarman da na ci wa mutunci shi ya zauna a bakin gadonsa ya lallashe shi, shi ya raka shi Damagaram, daga can Kano. Ni a wata mota na bi su. Likitoci sun yi iya yinsu da magunguna masu ƙarfi, ƙodar ba ta tashi ba. Na tambayi likita ko da mun zo da wuri da an cece ta. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, ɓarnar ta daɗe, amma kwana shida ba wasa ba ne. Watannin nan nasu ne, Baba da abokansa. Kwana shidan nawa ne.

Yanzu Baba ya koma kan inji. Yana zaune a Damagaram gidan wani ɗan'uwa, zauren Belbeji a rufe, baƙin sun sami wani masauki. Wata rana da hantsi ina zaune kusa da shi ana wankin, na kasa haƙuri kamar yadda na saba, na tambaye shi don me ya yi haka alhali da kunnensa ya ji likita.  Ya ce tunda ya kwanta ciwo bai sake ba kowa komai ba, kowa shi yake ba, har ɗiyar cikinsa. Ya ce ranar da aka roƙe shi ƙunshin nan ya ji ya koma mutum. Na ce to ai jikinsa ya cuta. Ya ce:

"Ban taɓa jin tawa ce ba. Aro kika ba ni, kullum kina zuwa duba abinki."

 

Har yanzu ina fushi, kada wani ya ɗauka na huce. Ina fushi da dattawan da suka ga mutum an tsaga shi an ɗinke, suka miƙa hannu suna roƙon abin da ke riƙe da ransa don ƙugunsu na ciwo, kuma har yau wasunsu cewa suke ai ƙwaya ɗaya-ɗaya ce. Ina fushi da wannan ɗabi'a tamu ta raba magani kamar goro. Jama'a, maganin wanda aka yi wa dashe ba na ciwon baya ba ne, garkuwar jiki yake dannewa, mai lafiya in ya sha kansa yake cuta, mai shi kuma in ya rasa zai iya rasa komai. Kada ku roƙa, in an miƙo muku ma ku mayar. Ina fushi da Inna da ta ga kumburi ta yi shiru. In kun ga ƙafa ta tashi ko fitsari ya ragu ko zazzaɓi ya zo, ku tafi likita a ranar, ko da mai ciwon zai yi shekara ba ya gaishe ku.

Amma wadda na fi jin haushi ita ce ni. Na iya lokacin magani, na iya karanta takardar analiz, ban taɓa zama na tambayi mahaifina yadda yake ji ba. Da na sani ba ƙwaya kaɗai mai dashe yake buƙata ba, da na bar masa wani abu da zai riƙa bayarwa, da na sami abokansa tun farko na yi musu bayani da ladabi su zama masu tuna masa lokaci. Duk wanda zai ba ɗan'uwansa wani sashe na jikinsa, ya tambayi kansa tun kafin a kwantar da shi ko zai iya bayarwa ya cire baki. In godiya kake jira, ka faɗa sau ɗaya a ɗaki, kada ka riƙa karɓarta da gori. Wanda ake yi wa gori ɓoye ciwo yake yi.

Ba a cire ƙodar ba, tana nan a cikinsa, ba ta aikin komai. Ni kuma saura ɗaya gare ni, ba ni da wata da zan bayar. Rannan wani sabon likita yana cika takarda ya tambaye ni labarin dashen, na ji bakina ya ce ƙodarsa ta daina aiki bara. Baba ya juyo ya dube ni. Wannan ne karo na farko da na kira ta tasa, bayan ta riga ta mutu.