Dutse Mai Tsaga

Mu 'yan ƙalilan ne, duk mun haura arba'in, ma'aikatan gwamnati da Asabar ta yi wa yawa. Abin da ya haɗa mu wani tsohon wasan kwaikwayo ne na talabijin, wanda aka ɗauka a ƙauyukan kewayen Abuja tun ana tsaka da gina ta. Muna yara muka kalle shi, da muka girma sai muka ɗora wa kanmu neman wuraren da aka ɗauke shi. Matata ta ce aikin banza, makaho da waiwaye. Ni kaina ban san abin da nake nema ba.

A garin nan ba a neman wuri da gida. Gidan da ka gani bara, bana katafila ta bi ta kansa. Bishiya ma ba ta da tabbas. Dutse muke bi. Sai mu tsayar da hoton a waya, mu ɗaga ta, mu yi ta juyawa har dutsen cikin wayar ya hau kan na gabanmu, sannan mu yi ihu kamar yara.

Akwai wani dattijo da ya liƙe mana, tsohon direban ma'aikatarmu, mutumin Filato. Baba muke ce masa. Bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, kuma inda kowa ke dariya shi ba ya yi. Wuri ɗaya yake so a maimaita masa: inda tela ke faɗa da wanda ya kawo masa ɗinki a gaban wani ɗakin kwano, bayansu dutse mai tsaga a ka, kamar an sare shi da gatari. Wata rana a mota haushi ya kama ni.

"Haba Baba, wasan nan dogo ne fa. Kullum tela, ko shi ya cinye maka yadin Kirsimeti?"

Ya juyo ya dube ni.

"Oga, ba tela nake kallo ba. Ɗakin nan na baya, nawa ne. Yarinya na ya mutu a wurin, ƙyanda. Na binne shi daidai ƙarƙashin tsagan. Aka yi mini taransifa, kafin na dawo an share ko'ina, har hanya ya ɓace. Maman shi ya tsufa, kullum yana ce in kai shi ya gani."

Daga ranar babu wanda ya ƙara ihu in dutse ya hau dutse. Muka ajiye sauran wuraren, muka kama neman mai tsaga. Asabar bayan Asabar muna nuna wa mutane waya. A wani ƙauye bayan Bwari, wata tsohuwa mai sayar da doya ta ƙura wa hoton ido ta ce ta san shi. Baba ya kira matarsa nan take, ya ce ta shirya. Sai bayan ya kashe wayar tsohuwar ta ƙarasa maganarta.

"Ku bi tifofin nan, can suke zuwa."

Muka bi su. Babu dutse. Wani ƙaton rami muka tarar, koren ruwa kwance a ƙasansa, injin niƙa yana ta aman tsakuwa. Don sabo na ɗaga wayata, dutsen cikinta ya tsaya a kan sarari. Don takaici na rasa wanda zan zaga.

Baba ya ƙarasa wurin wani direban tifa ya tambaye shi ina suke kai tsakuwar.

"Ko'ina, Baba. Duk ginin da ka gani a gari."

Ni na mai da shi gida Kurudu. Muka ratsa tsakiyar gari, sai bin dogayen gine-ginen nan yake da ido ɗaya bayan ɗaya. Da muka karyo layinsu na hango matarsa zaune a ƙofa kan benci, ta ɗaura zanen zuwa coci, ta sa takalmi, jakarta a cinya.

Na fara rage gudu. Baba ya dafa hannuna a kan sitiyari.

"Oga, don Allah wuce. Mu zagaya kaɗan tukuna."