Furar da Na Ƙi Sha

Ƙarar talabijin ce ta fito da ni daga kicin ran Juma'ar da ta wuce. Ɗana na fari yana kishingiɗe yana kallon wani shiri na Turanci a kan wata ƙungiyar addini ta Amurka. Wai ana zaunar da mabiya gaban wata na'ura su amayar da sirrinsu, kuma duk ɗan'uwan da ya soki tafiyar sai a umarce su su yanke shi. Wata tsohuwar Baturiya aka nuno tana kuka, 'yarta ta daina ɗaukar wayarta.

"Wallah Mama, mutanen nan majanin ne, mahaukata," in ji ɗana, da Hausarsa da Larabci ya cinye rabinta. "Wane mai hankali zai yanke mamansa don wani ya ce?"

Na koma kicin, na kunna murhu na kashe, na sake wanke kofin da na riga na wanke. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

A unguwar Gubaira ta birnin Riyad na tashi, ɗaki biyu a bayan wani garejin gyaran mota. Baba yana aikin lodi a wani sito a Sulay, ya fita da asuba sai magariba. Kaka, mahaifiyarsa, ta zo daga Maraɗi ta zauna da mu, kuma har ta bar duniya ba ta yarda shinkafar Larabawa abinci ba ce. Duk mai zuwa daga gida sai ya yo mata tsarabar gero. In zafin Riyad ya kankama, ruwan famfo ya koma kamar na shayi, sai ta jawo ɗan turminta. La'asar na yi, ƙamshin citta da kanumfari ya cika gidan, ta dama fura da nonon kanti tana ƙorafin ba shi da maiƙo. "Ƙawata, zo ki sha kafin ubanki ya dawo ya share," haka take kirana.

Ina da shekara goma sha biyu, ina fama da wani tari mai hana ni numfashi. Kaka tana da ɗan allo a ƙarƙashin katifarta. Wani tsoho ɗan Damagaram yakan rubuta mata ayoyi, ta wanke ta zuba mini a fura. Na sani, ban taɓa damuwa ba.

A shekarar ne na fara zuwa karatu duk Alhamis gidan wata malama, layi biyu daga namu. Ga inda nake jin haushin masu shirin nan: sai sun sa kiɗa mai ban tsoro, su nuno shugabannin a cikin duhu, har mai kallo ya ɗauka da ya gan su zai gane su. Malamarmu ta fi kowa fara'a. Tana ba mu dabino da lemo mai sanyi, tana ce mini 'yata, ita ce ta fara faɗa mini ina da kai. In an gama karatu sai mu yi da'ira, kowace ta faɗi saɓon da ta gani a gidansu. Tsarkake gida take kiransa. Wadda ta kawo labari mafi girma ita ke zama kusa da malama a mako na gaba.

Mako uku ba ni da abin faɗa. A na huɗu na faɗi allon Kaka.

Malama ta rungume ni har da ƙwalla. Ta ce duk abin da ya fito daga hannun tsohuwar nan kada ya shiga cikina, kuma in rage zama da ita har sai ta tuba. Na samu wurin zaman da nake so, na dawo gida ina jin kaina sama da kowa.

Da Kaka ta miƙo mini ƙwarya, na ce, "Ba na shan abin mushirikai."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Da Baba ya ji, ya zare bel, ita ce ta shiga tsakani. "Bar ta," ta ce. "Bakinta ne, amma maganar ba tata ba ce." Kashegari ta ba tsohon nan allon. Duk da haka ban sha ba, don malama ta ce ba ta ji tuban da kunnenta ba. Kullum la'asar Kaka ta dama, ta raba, ta rufe rabona da faifai. Kullum da safe Inna, mahaifiyata, ta zubar. Ina jin ƙamshin, yawuna yana tsinkewa, ina kau da kai ina ganin jihadi nake yi.

Da sanyi ya shigo Kaka ta kwanta. Ranar da ta ɗan ji dama ta sa aka jingina ta, ta dama 'yar kaɗan. "Ƙawata, wannan ba komai a ciki, gero ne da nono." Na tsaya a bakin ƙofa. Wallahi ina so in sha. Amma Alhamis ta kusa, kuma na san za a tambaye ni. Na ce na ƙoshi.

Bayan kwana biyu aka kai ta maƙabartar Ud. A can ba a rubuta suna, mu mata kuma ba ma shiga. Malama ta yi ƙaura daga unguwar ba ko sallama, ba wanda ya zo ya ce mini yanzu na iya sha.

Jiya na nemo gero, na dama, na miƙa wa ɗana. Ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ce yogot ya fi. Na zauna kusa da shi.

"Ka tambaye ni wane mai hankali zai yi haka," na ce. "Ni na yi, kuma a lokacin ni ce nake zuwa ta ɗaya a ajinmu na makaranta."