Ɗalibata ƴar Geskeru

Ina cikin shekarata ta biyu a Diffa, an turo ni daga Damagaram in koyar da Faransanci a kolej, sai sanƙarau ya shigo gari da bazara. Cikin waɗanda ya kwantar har da wata ɗalibata ta ajin ƙarshe. Ubanta manomin tattasai ne a Geskeru, bakin Komadugu, ita kuwa tana zaune wajen gwaggonta cikin gari saboda karatu.

Sai da ta yi wata guda kafin ta dawo, duk ta rame. Ta koma bencinta na baya. Wata rana ina rubutu a allo na kira ta har sau uku, ba ta amsa ba. Na ɗauka raini ne, na kore ta, ta tsaya cikin rana har aka tashi.

Sirbeyan ɗinmu mai lura da ɗalibai, wani dattijo Babarbare, shi ya tare ni a bakin ƙofa.

"Madan, yarinyar nan fa ba ta ji. Dab da ita na buga ƙarfen tashi, ko motsi ba ta yi ba."

Na kira ta da hannu, na rubuta a takarda: "Tun yaushe?"

"Tun da aka sallamo ni daga likita," in ji ta, da ƙarfi, don ba ta jin muryar kanta. "Madan, kar a mai da ni gida. Saura wata biyu jarrabawa."

Na dawo da ita gaba, na daina magana ina kallon allo. Kullum bayan la'asar mukan zauna gindin dogon yaro, ina yi mata dikte, wato shifta, a hankali, tana kallon bakina tana rubutawa. Cikin ƴan makonni kurenta ya ragu ƙwarai. Ni da darakta muka rubuta takarda sama, muna roƙon ranar jarrabawa mai karanta dikte ya tsaya gabanta. Amsa ba ta zo ba.

Ranar jarrabawar, wani baƙon malami ne ya karanta, yana kai da komo tsakanin bencuna kamar yadda aka saba. Da ta fito ta same ni a bakin makaranta, ta ce, "Ƙeyarsa kawai na gani." Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi.

Sunanta bai fito cikin waɗanda suka ci ba. Ubanta ya zo ɗaukar ta, na roƙe shi ya bar ta ta maimaita.

"Malama, kin yi iyakar ƙoƙarinki, Allah ya saka," ya ce. "Amma gwaggonta ta tsufa, kuma motocin garin nan ba sa jiran wanda ba ya ji."

Sau ɗaya na je Geskeru, lokacin shanyar tattasai. Na tarar da ita tana juya shi a fili, hannayenta jawur. Maganarta ta fara lanƙwashewa, sai muka zauna muna rubutu a ƙasa da tsinke. Ta roƙe ni littafin karatu, ko tsoho ne.

Da na koma Diffa na ba wani direba littattafai guda uku ya kai mata. Watan da ya biyo aka mai da ni Maradi. Har yau ban san ko sun isa hannunta ba.